Kolopati gare ni, ga ɗiyata ta fara riƙe ciki irin nawa

Wata baiwar Allah daga nan Tahoua ta aiko da tambaya, ta ce a sakaya sunanta. Ga ta a taƙaice: "Likita, shekara huɗu ke nan da anka ce mini kolopati gare ni. Kumburi, murɗar ciki, yau zawo gobe ciki ya ɗaure. Ɗiya biyu gare ni, mace mai shekara 6 da namiji mai shekara 4, babansu yana Abijan, muna zaune da uwar mijina. Yanzu babbar ta fara riƙe ciki da sahe in za ta lekol, tana cewa cikinta irin na Inna ne. Gadar mata na yi? Ya zan yi kada su tashi cikin wannan wahala?"

To ƙanwata sannu, Allah shi ƙara sauƙi. Wannan tambaya nakan ji ta a biro sosai, sai dai ba da ita ake farawa ba, sai an gama maganar ordonas, uwa ta tashi ta kama ƙofa sannan ta juyo ta ce "af likita, ita ma wannan ta fara." Amsar doguwa ce, ki yi haƙuri ki bi ta sannu.

Bari in fara da ke kanki, don in ba ki natsu da ciwonki ba ɗiya ba za su natsu ba. Kolopati ba gyambon ciki ba ne, kuma ba ya rikiɗa ya koma ciwon daji, wato kansa. Ko an saka kamara cikin hanjin ba a ganin rauni. Abin da ke akwai, hanji da ƙwaƙwalwa suna da jijiyoyin da suke aika ma juna saƙo dare da rana, to wurin mai kolopati saƙon nan ya cika ƙara, kamar rediyon da anka murɗa har ƙarshe, iskar da wani zai yini da ita bai ma sani ba ke sai ta naɗe ki bisa tabarma. Tahiyar hanjin ma ba ta daidai, wani lokaci gudu wani lokaci nawa. Wanda duk ya ce miki "ba ki da komai, tunani ne kawai" bai faɗi daidai ba, ciwo ne na gaske. Mu likitoci muna bin ma'aunin da ake kira Roma ta huɗu, wanda ya hito a 2016: ciwon ciki aƙalla rana ɗaya kowane sati cikin wata ukun da sunka wuce, tare da biyu cikin abu uku, wato ciwon yana da alaƙa da zuwa bayan gida, ko yawan zuwan ya canza, ko kamar bayan gidan ta canza, kuma abin ya faro wata shida baya ko hiye. Da wannan ma'auni kusan mutum 4 cikin 100 anka samu a wani babban bincike na ƙasashe 33, da tsohon ma'auni kuwa kusan 1 cikin 10, kuma mata sun hi maza yawa. Ina ɗauka an yi miki analis na bayan gida da na jini, don nan wurinmu amib, wato ƙwayar da ke kawo atuni, da tsutsar ciki suna kwaikwayonsa sosai. In kuwa kina ganin jini, ko kina rama ba dalili, ko ciwon na tashe ki tsakar dare, ko zazzaɓi, ko an ce jininki ya yi ƙasa, ki koma a sake dubawa, waɗannan ba halin kolopati ba ne.

Yanzu maganar gado, wadda na san ita ce ke hana ki barci. Akwai gado amma rabonsa kaɗan ne. Wata malama mai suna Rona Levy ta Jami'ar Washington a Amurka ta daɗe tana bin wannan magana. A 2001 ita da abokan aikinta sun buga bincike bisa tagwaye biyu-biyu sama da 6000. Tagwayen da sunka hito daga ƙwai ɗaya, waɗanda halittarsu ɗaya ce sak, in ɗaya yana da ciwon kashi 17 cikin 100 ne kawai ɗayan ma ke da shi, waɗanda ba ƙwai ɗaya ba kuwa kashi 8. Da jini kaɗai ke yin aikin ai da na farkon sun kusa 100. Sannan ga abin da ya hi ba ni mamaki: cikin tagwayen da ba ƙwai ɗaya ba masu ciwon, kashi 15 uwarsu na da shi, amma wajen rabin haka kawai ɗan tagwayensu ke da shi, alhali abin da ka haɗa da uwarka wajen halitta rabi ne, abin da ka haɗa da wannan ɗan'uwan naka ma wajen rabi ne. To me ya sa na uwa ya ninka? Zama da ita, kallonta, jin abin da take faɗi bisa cikinta, da ganin abin da take yi in kai ka ce naka na ciwo. A 2004 sun sake nunawa ɗiyan mata masu kolopati sun hi kukan ciki, sun hi fashin lekol, an hi kai su likita, kuma inda uwa ta hi ruɗewa da tarairaya nan yaro ya hi jin ciwon da tsanani.

Kada ki karanta wannan ki ce to ashe ni ce mai laihi. Wallahi a'a. Uwar da ta san zahin murɗar ciki a jikinta ita ce za ta hi saurin tashi in ɗanta ya ce wayyo, tausayi ne. Ni labari mai daɗi nake gani ciki, don jini ba ki da ikon canza shi, amma yadda ake karɓar ciwo cikin gidanki a hannunki yake, kuma ƴan shekara 4 da 6 ɗanyen icce ne, yanzu ake tanƙwara su.

Akwai wani gwaji da nake son ba iyaye labarinsa. Lynn Walker ta Jami'ar Vanderbilt, a 2006, ta sa yara sunka sha ruwa har ciki ya cika tam ya fara damunsu, sannan ta raba iyayen gida uku. Wasu an ce su maida hankali bisa ciwon, sannu, ina ke miki ciwo, yanzu fa? Wasu an ce su ɗauke hankalin yaro da wata hira daban. Wasu ba a ce musu komai ba. Kukan ciki ya kusa ninkawa wurin ƴan sannu-sannu, ya ragu da rabi wurin waɗanda anka ɗauke ma hankali. Ruwa ɗaya, ciki ɗaya, bakin uwa ne kaɗai ya bambanta. Ba wai yaran ƙarya suke ba fa. Jijiyar da na gaya miki, duk sanda ka kasa kunne gare ta ƙararta na ƙaruwa, ke ma kin sani, ranar da kike cikin hidimar suna kikan manta da cikin, sai kin dawo gida kin zauna shiru ya ce ga ni.

Bari in zana miki sahiyar gidanki, ki gaya mini in na yi ƙarya. Ƙarhe bakwai saura, yarinya ta sa riga, ta riƙe ciki ta ɓata huska. Gabanki ya faɗi, kin ajiye ludayi kin durƙusa, "ina ne? nan? ko nan? irin nawa ne?" Kakarta ta leƙo daga ɗaki, "a bar ta ta kwanta, boko ba ta hi rai ba." An shimfiɗa tabarma gindin bedi, an aika an sayo yawur da biskit, an ba ta waya tana kallon zane, duk wanda ya shigo gidan sai ya tsaya kanta ya yi sannu, da maraice babanta ya kira daga Abijan ita anka fara miƙa ma wayar. Ƙanenta na gefe yana kallon wannan duka, shi ko kallo ba a yi masa ba. Ki gaya mini, in ke ce ƴar shekara 6, me kinka koya yau? Ba dabara ta ƙulla ba, jikinta ne ya gane cewa ranar ciwo ita ce ranar da Inna ke kusa. Shi ma ƙaramin ya yi karatunsa.

Amma tsaya, kamin ki ce to daga yau ba ruwana. Waɗancan bincike a Amurka anka yi su, inda ciwon cikin yaro da wuya ya zama palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Nan Ader ba haka ba ne, kuma wannan shi ne wurin da ba ni yarda a yi wasa. Palu ga yaro sau da yawa da ciwon ciki da amai yake zuwa. Maganin rigakahin palu da ake bi gida-gida ana rabawa kowane wata da damina na ƴan wata 3 zuwa 59 ne, ke nan ƙaramin yana ciki, babbar ta hita. Ga taifot, ga amib, ga apandisit, ga amosanin jini wanda shi ma yana kama ciki, in ba ki san matsayinsu ba ki nemi a yi musu gwajin jinin sau ɗaya ki huta. Don haka mataki na farko ki kai ta a duba ta sosai sau guda, a auna kilonta, a taɓa cikin, a yi analis ɗin bayan gida, a ba ta maganin tsutsa in lokacinsa ya yi. Bayan wannan, duk ranar da ta ce ciki, ga abin da zai sa ki ɗauki mayahi ki nuhi CSI, ƙaramin asibitin unguwa, ba jira: jiki da zahi, 38 ko sama, amai da ya ƙi tsayawa, balle in kore ne, jini cikin bayan gida, ciwon da ya tsaya wuri ɗaya, musamman ƙasan ciki ɓangaren dama, tana tahiya a duƙe, ciki ya kumbura ya yi tauri, ido ya yi fari ko ɗorawa, zahin hitsari, ciwon da ke tashinta daga barci, rama, ko kuma ta yi laushi ba ta wasa ba ta son ko ruwa. Na namijin ki ƙara da kumburi ko ciwon maraina, wannan awoyi ake ƙirgawa. Shi da bai kai 5 ba kulawarsa kyauta ce bisa dokar ƙasa tun 2006, ki riƙe karnensa kusa. In zawo ne, ruwan gishiri da sukari na SRO da zinki kwana 10 zuwa 14. Kuma don Allah kada ki ɓalli naki maganin ki ba su, ko Spasfon ko Imodium, shi Imodium ma haɗari ne ga ƙaramin yaro.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, to binciken sahe bai wuce minti biyu. Hannu a goshi, ko termometir in kina da shi. Ki dubi idonta. Ki tambaye ta yaushe rabonta da bayan gida. Sai ki ce ta yi miki tsalle uku, da wasa, ke ma ki yi tare da ita in cikinki ya bari. Yaron da abu mai tsanani ke cikinsa yawanci ba ya yarda ya yi tsalle. In ta yi tana dariya, sai ki ce mata da murya irin ta kullum, ba ruɗewa ba tsawa: "Na ji cikinki na ciwo, na duba, ba mai haɗari ba ne, irin wanda ke wucewa ne. Je ki zauna bayi kaɗan, ki sha ruwa, ki ɗauko sak ɗinki." Shi ke nan, kada ki sake tambaya. Kan hanya ku ƙirga jakuna ko kabu-kabu, ta rera miki waƙar da madam ta koya musu. Da ta dawo kada kalmar farko ta zama "ya cikin?", ki tambaye ta wa ta zauna kusa da shi yau, me anka rubuta bisa allo. In ita ta ce ya yi ciwo amma ta zauna har anka tashi, to nan ne wurin yabo, nan ne wurin yawur ɗin, ki faɗa ma kakarta a gabanta ta ji. Ranar da dole ta zauna gida kuwa, ta zama rana mara daɗi: kwanciya, ruwa, abincin gida, ba waya ba biskit, in ta warke da hantsi a raka ta lekol ko an makara.

Na taɓa ganin wata yarinya ƴar shekara 7, uwarta ta zo da leda cike da takardu, hoton ciki na eko uku, analis ba adadi, an ba ta Flagyl, maganin amib, har sau huɗu a wurare daban-daban, ta yi fashin kusan rabin zangon karatu. Na tambayi uwar Asabar da Lahadi fa? Ta yi shiru, ta ce wallahi ba ta taɓa lura ba, ranakun nan lahiya lau take yini. Da munka zauna da yarinyar ita kaɗai tana zane da bik ɗina, sai ga shi ashe makewayin lekol take tsoro, ramin ya yi mata faɗi, tana riƙe kashi tun sahe har ta dawo, wani lokaci kwana uku ba ta yi ba. Ɗaurewar ciki ce kawai. Ina ba ki wannan labari don ki san taurin bayan gida yana cikin abubuwan da sunka hi kawo ciwon ciki ga yara, kuma ba sa faɗi don kunya. Ki saba musu zama bisa fo ko salanga minti biyar bayan karin kumallo da bayan abincin dare, lokacin ne hanji ke motsi da kansa, ba gaggawa ba faɗa. Ruwa kuma, da zahin garin nan na watan Afrilu da Mayu, gora cikin sak kullum.

Ɗiyarki shekara 6, ina zaton CI take, shekarar farko, sabon wuri, Faransancin da ba ta ji, aji cike, wataƙila akwai mai cin zalinta ko tana tsoron bulala, ga baba ba ya nan. Yaro bai iya cewa "hankalina a tashe yake", cikinsa ke faɗi a madadinsa. Ki zaɓi lokacin da ba ta ciwo, kina mata kitso misali, ki ja ta da hira. Ki je ki ga madam ɗinta ki ce likita ya duba ta, in ta ce ciki a bar ta ta zaga ko ta ɗan kwantar da kai bisa tebur minti biyar, kada a riƙa koro ta gida sai da zazzaɓi ko amai.

Wata aba kuma, in na ce juriya ba ina nuhin irin tamu ta "yi mini shiru, raki gare ki" ko "namiji ba ya kuka" ba. Wannan koya ma yaro ɓoyewa ne, kuma ranar da apandisit ne na gaske shi ne zai yi shiru har ya fashe. Abin da nake so ta koya shi ne: na faɗi, an ji ni, an duba, ina da abin da zan yi da kaina, rana ta ci gaba. Ki ba ta kayan aiki. Wanda na hi so shi ne numfashin kunu: ta ɗora hannu bisa cibiya, ta shaƙi ƙamshin kunu ta hanci har cikin ya taso, ta busa shi a hankali ya huce, sau biyar. Ku riƙa yi tare da dare sanda ba wanda ke ciwo, har ƙaramin. Ke ma zai amfane ki, numfashi mai zurhi yana kwantar da jijiyar nan da ke tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. Levy ɗin nan a 2010 ta gwada da yara 200 ƴan shekara 7 zuwa 17 masu yawan ciwon ciki, zama uku kacal anka yi da su da iyayensu ana koya musu irin waɗannan abubuwa, kuma ciwon ya ragu hiye da na waɗanda anka yi ma bayanin abinci da hanji kawai.

Sai abin da suke gani gare ki. Kada ki ɓoye, yara sun hi mu ido, in sun ga kina murƙususu kina cewa ba komai sai su cika gurbin da abin tsoro. Ki gaya musu a gajarce: "Cikin Inna mai saurin hushi ne, yakan yi ciwo ya bari, ba ya kisa, ba a ɗaukarsa, kuma ba ku ne kuka jawo shi ba." Wannan na ƙarshen ki maimaita shi, don yaro mai shekara 4 zuwa 6 yana ɗauka duk abin da ya faru a gida shi ya sa. Mu kuwa bakinmu ya saba, "za ku kashe ni", "ku ne ke tada mini ciwon nan", "cikin nan shi ne ajalina". Mu mun san magana ce, su ba su sani ba. Ki daina, ko da hushi ya ci ki. In ta ce cikinta irin naki ne ki ce a'a, kowa da cikinsa, naki sabo ne ƙaƙƙarfa. Ranar da ya tashi miki, ki bari su ji tsarin da bakinki: "zan sha ruwan ɗumi, in kwanta minti ashirin, in na tashi mu tsince shinkafa." In kinka tashi ɗin kuwa ki tsince, ko da sauran ciwo. Doguwar hirar ciwo da maƙwabciya, yadda ya murɗa jiya, abin da bayan gidan ya yi kama da shi, a yi ta sanda ba su nan.

Akwai ranakun da ba za ki iya ba, na sani, musamman kusa da al'ada, lokacin yakan tsananta ga mata da yawa. Ki shirya musu tun kina lahiya. Wa zai raka ta lekol, me za a dafa mai sauƙi, wani ɗan kwando na kayan wasa da ba a hiddo shi sai ranar. Kina kwance ma kina iya yi musu gatana, Gizo da Ƙoƙi ba su buƙatar ki miƙe. Ta miƙo miki ruwa ba laihi, amma kada ƴar shekara 6 ta zama ita ce mai jinyarki, ta fasa lekol don Inna ba ta jin daɗi, na ga ƴan mata da yawa da sunka tashi haka, kullum kunnensu na wurin numfashin uwa. Sannan kada tsoron zawo ya kulle ki gida. Biki, suna, kasuwar Lahadi, ki je ko na awa ɗaya ne, ki san inda bayi yake, ki riƙe butarki, su ga ana hita da ciwon.

Abinci zan taƙaita don shi kaɗai darasi ne. Masana na Jami'ar Monash a Ostareliya sun gano wasu nau'in sukari da hanji ba ya tsotsewa da kyau, suna jan ruwa, ƙwayoyin hanji su ci su su yi iska. Suna cikin albasa, tafarnuwa, wake, alkama wato burodi da taliya, ɗanyar madara, mangwaro, kankana, zuma. Ka ce ma mutumin jihar da ke noma albasar Galmi ya bar albasa, ai ka ja faɗa, shi ya sa nake koya ma mata dabara: ki soya albasar manya-manya cikin mai, ki tsame ta, ki yi miya da man, ƙamshin na shiga mai amma abin da ke kumbura ciki ba ya narkewa cikin mai. Gero, shinkafa, masara, nama, kihi, ƙwai, karas, lemu, yawanci ba su da matsala. Hura da nono mai tsami wasu na ɗauka hiye da ɗanyar madara, ki gwada ki gani. Shayi mai kauri zagaye uku, Nescafé, yaji da maiƙo su ma suna zaburar da hanji. Ana rage waɗancan ne sati 2 zuwa 6 kawai, sannan a dawo da su ɗaya-ɗaya a ga wanne ne naki, ba a zama haka har abada. Abin da ya shahi tambayarki shi ne: wannan tsari naki ne ke kaɗai. Ɗiya su ci wakensu, su sha nononsu, su sha mangwaronsu, jikinsu na ginuwa kuma wake da nono na cikin abin gina jiki da aljihunmu ke iyawa. Ki ɗebi naki kamin ki zuba abin da ba ki so, ba sanarwa. Kada su ji "wake na kashe ciki" daga bakinki, don gobe za ta ture kwano ta ce ita ma.

Magani akwai masu taimakawa, na murɗa irin Spasfon ko Duspatalin, garin da ke tausasa bayan gida, wani lokaci ƙaramin awo na amitiriptilin da dare wanda likita ne kaɗai zai rubuta. Flagyl ɗin masu tallar magani a tire duk sanda ciki ya yi ƙugi, ki bari, ba amib ba ne kullum. Tahiyar ƙasa minti talatin bayan la'asar tana aiki hiye da yadda mutane ke zato. Kuma in tambaye ki abin da ba ki rubuto ba: kina barci? Kina kuka ke kaɗai? Miji na nesa, kuɗi sai an aiko, ɗiya biyu, zaman gidan miji, wannan kaya ne, kuma hanji na ɗaukar rabonsa. In damuwa ta yi yawa ki faɗa ma likitanki kai tsaye, ana maganinta, kuma sau da yawa in ta sauka cikin ma na sauka.

Saura Hajiya uwar mijinki, don in ke kina cewa je ki lekol ita tana cewa zo ki kwanta, aikin banza kike. Kada ki tunkare ta da "likita ya ce kin yi kuskure", kin san inda wannan ke ƙarewa. Ki same ta bayan isha'i ki ce "Inna, likita ya ce jikarki lahiya take, ya ce kuma maganarki ta hi ji, in ke kinka ce mata ta daure ta tahi za ta tahi." Ki ba ta matsayi, ita ke tofa mata addu'a a ka kamin ta hita, ita ke ajiye ƴar alawar da za a ba ta in ta dawo. Addu'a da tohi ba ni da ja. Abin da nake roƙo a bari shi ne jiƙon filasko da ruwan kanwa da sauran masu wanke ciki, ga ƙaramin yaro suna iya zubar masa da ruwan jiki. Shi kuma maigida, ki tura masa vokal ki yi masa bayani, in ya kira kada ya fara da "an ce ba ki da lahiya", ya ce ta ƙirga masa ɗaya zuwa ashirin da Faransanci, ya nemi ƙaramin shi ma, kuma ya riƙa kira ranakun da kowa ke lahiya.

Ki samu ƙaramin kaye ki ɓoye shi inda ba ta gani, kowace rana layi ɗaya: ta ce ciki ko ba ta ce ba, wane lokaci, ta yi bayan gida, ta je lekol. Satin farko abin na iya ƙaruwa, za ta gwada ta ga ko da gaske kike, kada ki karaya. Ki ba shi sati huɗu. In fashin lekol bai ragu ba, ko kilonta ya sauka, ko ɗaya cikin alamun can ya hito, ki kai ta wurin likitan yara a asibitin uwa da yaro na nan Tahoua, ki tahi da kayen da karnenta na rigakahi da duk takardun analis ɗin da anka taɓa yi mata.